Unguwa ta yi ihun ci, wayarka tana lodin

Duk mai kallon ƙwallo a waya ya san wannan yanayin. Ɗan wasa yana tsakiyar fili bai ko ɗaga kai ba, sai ihu ya ɓarke daga gidan kallon bayan layi. Kafin ƙwallon ta taɓa raga a allonka, can an gama murna, an zazzauna, har an shiga gardamar ko satar gida ce. Wasu su zagi netwok, wasu su ce wayar ce ta tsufa. Sau da yawa ba ko ɗaya. Haka aka gina abin tun asali.

Tauraron ɗan Adam da ke kawo wa dikoda hoto yana can sama, nisan kilomita kusan 36,000, amma jinkirinsa daƙiƙoƙi kaɗan ne a bayan abin da ke faruwa a fili. Hoton intanet kuwa ba ya zuwa a miƙe kamar ruwan famfo. Yanka shi ake yi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa daƙiƙa 2 zuwa 6, kuma wayarka ba ta fara nunawa sai ta tara kamar guda uku a ajiye, don in sabis ya yi tuntuɓe ta sami abin ci gaba. Uku sau shida, 18 ke nan tun ba a je ko'ina ba. A ƙara lokacin matse hoton da tafiyarsa daga wannan na'ura zuwa waccan, sai ka tarar kana bayan fili da daƙiƙa 30 zuwa minti guda. In linkin sata ne, wanda wani ya kwafo daga dikodarsa ya sake matsewa ya sake turowa, minti biyu ba abin mamaki ba ne. Sannan duk sanda hoto ya ƙame, manhajoji da yawa daga inda suka tsaya suke ɗorawa, don haka jinkirin taruwa yake yi. Maganinsa a rufe a sake buɗewa lokacin hutun rabin lokaci, kuma a kashe sanarwar manhajar sakamakon wasa, domin ita rubutu kawai take turowa, kullum za ta riga hoto.

Na fara da wannan ne saboda ana yawan magana kamar kallo ta intanet shi ne ci gaba, faranti da dikoda da gidan kallo kuwa kayan da. A ganina lissafin bai nuna haka ba. Intanet ta ƙara mana ƙofa, ƙofa mai amfani ƙwarai, amma a ranar babban wasa ba ta fi tauraro sauri ba, ba ta fi shi sauƙin kuɗi ba. Abin da ta yi shi ne ta kwashe kayan da mutum ɗari ke ɗauka tare ta aza wa mutum ɗaya. Kuma tunda haka ne, wasannin da ƙasa gaba ɗaya ke kallo bai dace a bar su tsakanin mai tsadar kuɗin wata da mai linkin sata ba.

A duba data. Saurin intanet da Mbps ake auna shi, data kuwa da megabait ake sayar da ita, kuma su biyun ba abu ɗaya ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙe cewa hoton da ke gudu a 1 Mbps yana cin megabait 450 a awa guda. Wasan ƙwallo ba minti 90 ba ne a wurin data. Da hutun minti 15, da ƙarin da alƙalin wasa ke yi, da shigowar 'yan wasa, awa biyu ne cif. Hoton 360p (wannan lambar ma'aunin kyan hoto ce, ƙaruwarta ƙarin kyau ne) yana buƙatar kimanin 0.7 Mbps, wato megabait 630 a wasa. Na 480p kimanin 1.1, gigabait ɗaya ke nan. Na 720p kimanin 2.5, gigabait biyu da kwata. Na 1080p kimanin 5, gigabait huɗu da rabi. Na 4K da ake tallata talabijin da shi yana neman kusan 20, gigabait 18 a zama ɗaya. In wasan sili-ɗaya-ƙwale ne ya kai ƙarin lokaci da bugun fenareti, a ƙara kusan minti 45, kashi ɗaya cikin uku na lissafin ko fiye. A Kofin Duniya na Qatar a 2022, wasan Ingila da Iran kaɗai an ƙara masa kusan minti 27. Wanda ya sayi gigabait ɗaya daidai wa daida, a minti na 88 za a yanke masa.

Kuma ƙwallo ta fi sauran abubuwan kallo cin data a kan kyan hoto iri ɗaya. Mai wa'azi ko mai karanta labarai yana zaune wuri guda, bangon bayansa ba ya motsi, na'urar matse hoto ba ta sake aiko abin da bai canja ba. A fili kuwa kyamara tana shara dama da hagu, ciyawa da 'yan kallo duk suna sauyawa a kowane ƙiftawar ido, ga ƙwallon kanta 'yar mitsitsiya. Shi ya sa a 240p kana ganin mutane suna gudu amma ba ka ganin abin da suke bi. A allon waya mai inci shida, 480p ya wadatar. A talabijin mai inci 43 kuwa ƙasa da 720p dishi-dishi ne.

Yanzu a ƙaddara gigabait ɗaya naira 500 ne, don sauƙin lissafi kawai. Mutum ɗari a unguwa ɗaya kowa da wayarsa a 480p, sun ƙone gigabait ɗari, naira 50,000, a kan wasan da dikoda ɗaya da talabijin biyu za su nuna musu da hoto mafi kyau. Kofin Duniya na 2026 a Amurka da Kanada da Meziko wasa 104 ne, ƙasashe 48. Mai son ganin rabinsu a waya yana maganar gigabait sama da 50. Kuma ba a manta ba, a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari.

Ko da kuɗin a hannu, akwai inda kuɗi ba ya aiki. Tauraro sau ɗaya yake watso hoto, ko faranti goma ne suka kama ko miliyan goma, duk ɗaya ne a wurinsa. Intanet kuwa kowa sai an aiko masa nasa kwafin. Turken sabis na unguwarku galibi fuska uku gare shi, kuma duk wanda ke gefen fuska ɗaya, tulu ɗaya suke sha. Fuskar 4G ta gama-gari a takarda tana iya kaiwa 150 Mbps, a aikace ba ta zuwa kusa da haka, musamman ga waɗanda ke nesa da turken ko cikin ɗaki mai rufin kwano. Mutum ɗarin nan namu suna neman 110 Mbps a lokaci guda, ban da masu TikTok da masu kiran bidiyo. Wannan ne dalilin da za ka ga sandunan sabis a cike fal amma hoto yana lodin. Sandunan ƙarfin siginar suke nunawa, ba yawan mutanen da kuke rabawa da su ba. Ga wasannin Zakarun Turai ana take su ƙarfe tara na dare a lokacin sanyi, ƙarfe takwas daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, daidai lokacin da kowa ya dawo gida ya kama waya.

Kada a ce matsalar ƙasashenmu ce kaɗai. Ranar 15 ga Nuwamba 2024 Netflix ta nuna damben Mike Tyson da Jake Paul, ta ce na'urori miliyan 65 ne suka kalla a lokaci guda, kuma a Amurka kanta mutane sun kwana suna kukan hoto na ƙamewa. Mu namu ya ƙaru da nisa. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku yawancinsu a Legas suke sauka, daga nan a ja waya ta ƙasa kusan kilomita dubu zuwa Kano, kuma ko'ina ake gyaran titi katafila na iya tsinka ta. Nijar ba ta da teku, ta ƙasashen maƙwabta intanet ɗinta ke shigowa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa, har bankuna suka tsaya a Najeriya, gyara ya ɗauki makonni. Da ranar wasan ƙarshe abin ya faɗo, sai mai dikoda da mai rediyo. Adalci dai shi ne a faɗi cewa tauraro ma yana da ranarsa: hadari mai nauyi na damina yana ɗauke hoton faranti, kuma a wannan rabin awar wayar ce ke ceton mai gidan kallo daga bakin jama'a.

Wanda ya zaɓi kallo a waya, akwai abubuwan da ke rage ɓacin rai. A gwada saurin layin kwana ɗaya kafin wasan, a daidai irin lokacin da za a buga, ba da hantsi ba lokacin da turke ke hutawa. Ana son abin da aka samu ya ninka buƙatar hoton sau biyu, wato 2 zuwa 3 Mbps don 480p. Kada a yawaita gwajin, shi ma data yake sha. A shiga saitin manhajar a kafe hoton a 480p da hannu. In aka bar shi ya zaɓa da kansa, da sabis ya ɗan buɗe zai haye 1080p ya kwashe maka rabin gigabait cikin minti goma sha biyar, da ya tsuke kuma ya faɗo ya ƙame. A kashe sabunta manhajoji da kansu, da saukar bidiyon WhatsApp da kansa, da tura hotuna ma'ajiyar Google, domin dukkansu ta ƙofa ɗaya suke bi da wasan. In wayar na yawan zamewa zuwa 3G, a kafe ta a 4G inda saitin ya ba da dama, amma a tuna a mayar bayan wasa, don a wasu layukan kira ba zai shigo ba. A duba irin datar da aka saya: ta sada zumunta ba ta buɗe manhajar wasa, ta dare ba ta fara aiki sai dare ya raba, wadda ake kira mara iyaka kuma galibi tana da iyakar da in an kai ake shaƙe saurinta. A shiga manhajar minti 20 kafin take wasa, saboda lokacin da kowa ke rububin shiga ne ake samun matsalar kalmar sirri. In da rauta ko MiFi ake aiki, a ɗora ta a taga ta ɓangaren turke, sama da ƙasa, ba bayan talabijin ba, kuma duk wanda aka ba wa kalmar sirrinta ya zama abokin rabo.

Sai zafi, wanda masu rubuta shawarwari daga ƙasashen sanyi ba su san da shi ba. A Afrilu da Mayu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, waya na kallo da hasken allo a ƙure, tana jan 4G, kuma an jona ta a caji, za ta yi zafin da da kanta za ta rage haske ta rage ƙarfin aiki, hoto ya fara tsalle ko da sabis lafiya lau. A cika batir kafin wasa, a cire rigar wayar, a ajiye fawa banki sai in ta kama dole.

Mai gidan kallon da ke tunanin sayar da faranti ya koma intanet, ya fara yin wannan lissafin. Talabijin ɗaya a hoto mai kyau gigabait biyu da kwata ne zuwa huɗu da rabi a wasa. Wasa goma a mako, gigabait 22 zuwa 45. Talabijin uku masu wasanni daban-daban, a ninka sau uku. Sannan tsarin kallo mai rahusa na waya kaɗai ba ya yarda a jefa hoton a talabijin, da gangan aka toshe. Kuma gidan da ke bayan na maƙwabcinsa da minti guda ba zai wuce mako biyu da jama'a ba.

To, linkin kyauta fa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɗauki hayar na'urori ya sato hoto yana raba wa dubban mutane ba sadaka yake yi ba. Kuɗinsa yana fitowa daga talla, kuma tallar da ke yarda ta zauna a irin wannan shafi ita ce ta caca da ta batsa da ta damfara. Maɓallin kunnawa na farko da na biyu galibi na bogi ne, wani shafin suke buɗewa, wani lokaci su sa layinka cikin wani tsarin da ke cire kati kullum. Mafi hatsari shi ne manhajar da ake turowa a WhatsApp ko Telegram a matsayin fayil ɗin APK. A lura da abin da take roƙo bayan an saka ta. Manhajar kallon ƙwallo ba ta da wata hulɗa da saƙonninka, ko lambobin mutanenka, ko izinin ganin abin da ke kan allonka. Wadda ta sami izinin karanta saƙo ta sami lambar sirrin da banki ke turowa. A wayar da ake ajiye manhajar banki, ko wayar mai POS, wannan ganganci ne. Ga shi datar da linkin sata ke ci ba ta gaza ta halal ba, sau da yawa ma ta fi, saboda tallace-tallacen da ke gudu a bayan fage kuma ba ka da ikon rage hoton.

Doka ma tana nan. Najeriya ta sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023, wadda ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet. A Ingila a Mayun 2023 an ɗaure mutum biyar da ke sayar da hoton Firimiya na sata, jagoransu shekara 11. A Satumban 2025 aka sanar da rufe Streameast, ɗaya daga cikin manyan shafukan irin wannan, bayan kame a Masar. Amma duk wanda ke bin lamarin ya san an rufe ɗaya, goma sun buɗe da sunan da ya yi kama. Kama yaron da ke kallo a waya a Kurna ko Tudun Wada barin jaki ne a daki taiki.

Jakin shi ne yadda ake sayar da haƙƙin haska wasa. Yanki-yanki ake sayarwa, harshe-harshe, gasa-gasa. Tsakanin Katsina da Maraɗi tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, mutanen dangin juna ne, amma a taswirar masu haƙƙi Katsina tana kasuwar masu Ingilishi inda SuperSport ta daɗe da kafuwa, Maraɗi tana kasuwar masu Faransanci wurin Canal+, Bahaushen Sudan kuma yana yankin beIN ta Qatar. Manhajar tana duba adireshin intanet ɗinka ta gane ƙasar da kake, ta rufe maka ƙofa ko ka biya kuɗi a wata ƙasar. VPN da ake tsallake wannan shinge da shi yana ƙara wa hoton nisan tafiya, na kyauta ba ya ɗaukar wasa kai tsaye, manyan kamfanoni kuma sun san adireshin yawancinsu. Ko mai niyyar biya sai ya sha wuya, domin daga 2022 bankunan Najeriya da yawa sun hana katin naira biyan kuɗi a waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka. Abin dariya a nan, mai kallo a Kano yana iya ganin wasan Firimiya na ƙarfe uku na ranar Asabar ta halal, wanda mazaunin Landan ba ya gani a talabijin, don can an hana haska wasa a wannan lokacin saboda mutane su je fili.

Kuɗin da ke cikin harkar ba na wasa ba ne. Firimiya ta sayar da haƙƙin cikin gida kaɗai na shekara huɗu daga 2025 a kan fam biliyan 6.7. Wanda ya sayi haƙƙi da dala yana karɓar naira, dole duk faɗuwar naira ta sauka a kan mai kallo. Ban ga laifin ɗan kasuwa don ya nemi riba a kan Arsenal da Chelsea ba. Wannan nishaɗi ne, mai so ya saya. Inda nake da ja shi ne abin da ya faru a farkon Janairun 2024. Saura kwanaki a fara Kofin Nahiyar Afirka a Kodebuwa, SuperSport ta sanar cewa ba za ta nuna ba, domin haƙƙin yana hannun New World TV ta Togo. Sai dab da farawa aka daidaita. Gasar da Najeriya ta kai wasan ƙarshe, ta sha kashi 2 da 1 a hannun masu masauki ranar 11 ga Fabrairu, saura ƙiris miliyoyin mutane su neme ta a linki saboda cinikin kamfanoni biyu. Sannan a 2025 Canal+ ta karɓe ragamar MultiChoice, uwar DStv da GOtv da SuperSport. Yanzu Katsina da Maraɗi, duk da shingen harshe, ubangida ɗaya suke biya.

An gwada wasu hanyoyin kuma sun yi aiki. A 2022 tashar CazéTV ta Brazil ta nuna wasannin Kofin Duniya kyauta a YouTube bisa lasisi, talla ce ta biya, miliyoyi suka kalla. A 2025 DAZN, kafar nuna wasanni ta intanet, ta nuna dukkan wasanni 63 na Kofin Duniya na ƙungiyoyi kyauta ga duk wanda ya yi rajista, har wasan ƙarshe da Chelsea ta ci PSG 3 da nema. A farkon 2024 Showmax, manhajar kallo ta MultiChoice, ta fito da tsarin Firimiya na waya kaɗai a farashin da bai kama ƙafar babban tsarin DStv ba. Darasin da ke ciki shi ne in ta halal ta yi sauƙi, mutane ba su da sha'awar shafin da ke buɗe musu tallar caca sau biyar kafin su ga fili. Abin da har yanzu ya rage shi ne a sayar da wasa ɗai-ɗai haɗe da datarsa, a biya da katin waya ko lambar USSD. Mai sayen data ta kwana ɗaya ba mai biyan kuɗin wata ba ne, kuma shi ne mafi yawa.

Ba kuma zan rage wa intanet abin da ta yi ba. Gidan kallo wurin maza ne, kowa ya sani. Matar aure ko budurwar da ke son ganin Super Falcons sun farke ci biyu sun doke Maroko 3 da 2 a wasan ƙarshe na Yulin 2025, waya ce ta ba ta wannan dama. A Olamfik, inda wasanni da dama ke gudana lokaci guda, tashar talabijin ɗaya abu ɗaya take iya nunawa, kuma ba lallai ta zaɓi 'yan matan D'Tigress, 'yan ƙwallon kwandon Najeriya, da suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Faris a 2024 ba. Wasan da aka take ƙarfe tara na dare a New York a watan Yuni ƙarfe biyu ne na dare a Kano da Yamai, ƙarfe ɗaya a Kumasi, ba lokacin fita ba ne. Akwai kuma tsaro. Ba a manta da bam ɗin da ya tashi a gidan kallo a Damaturu a Yunin 2014 ana kallon Brazil da Meziko ba, ko wayar wuta mai ƙarfi da ta faɗo kan masu kallo a Kalaba a Afrilun 2017. Wanda ya zaɓi ɗakinsa yana da hujja. Kuma mai ƙaramin ƙarfi ya sani, sharhin murya kaɗai a intanet bai wuce megabait 60 ba a wasa gaba ɗaya, rediyon FM kuwa ko sisi.

Abin da nake ganin ya kamata shi ne doka ta ware 'yan wasanni kaɗan ta ce waɗannan na jama'a ne. Ba sabon abu ba ne. Birtaniya tana da irin wannan jeri a dokar watsa labarai ta 1996, shi ya sa BBC da ITV ke nuna Kofin Duniya ba tare da kuɗin wata ba. Indiya ta yi dokarta a 2007: duk mai haƙƙin wasan da aka ayyana na ƙasa ne dole ya ba tashar gwamnati hoton, a raba kuɗin tallar talabijin, kashi 75 nasa, 25 nata. A Nijar, kokawar takobi da ake yi duk shekara gidan talabijin da rediyon ƙasa ke kai ta kowane gida, kuma ba wanda zai yarda a wayi gari a ce sai mai dikoda.

Najeriya ta taɓa gwadawa ta hanyar da ba ta ɓulle ba. A 2020 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta gyara kundin ƙa'idojinta ta hana mallakar haƙƙi kai kaɗai, ta ce dole a sayar wa abokan hamayya. A 2022 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke gyaran. An yi faɗin rami ne, an haɗa har da Firimiya da fina-finai, kuma ta ƙa'idar hukuma maimakon dokar majalisa. Jerin da zai tsaya da ƙafarsa gajere ne: wasannin gasa na Super Eagles da Super Falcons gida da waje, zagayen ƙarshe-ƙarshe na Kofin Afirka da na Duniya, da duk inda ɗan ƙasa ke takara a Olamfik. Mai haƙƙi ya ci gaba da sayar da hotonsa mai kyau ga masu biya, amma ya ba NTA da tashoshin jihohi da gidajen rediyo a farashin da wani mai shiga tsakani zai yanke in an kasa daidaitawa, da izinin sharhi da Hausa da sauran harsuna. A haɗa da kafa ɗaya ta intanet ta halal, a 360p da 480p, da ke aiki a cikin ƙasa kaɗai.

Za a ce hoton tashar gwamnati ba shi da kyau, kuma aikin komawa talabijin na dijital da aka ƙaddamar a Jos tun 2016 har yau tafiyar hawainiya yake. Gaskiya ne. Amma eriya irin tauraro ce, ba ta gajiya da yawan masu kallo, kuma duk mutumin da ya kalla ta eriya ya rage wa turken sabis nauyi, ya bar wa wanda ba shi da zaɓi sai waya.

Lokaci ne ke da muhimmanci, domin haƙƙin gasa shekaru kafin a buga ta ake sayar da shi, kuma dokar da ta zo bayan an sa hannu a kwangila kotu za ta tafi. Kofin Duniya na 2030 a Maroko da Sifaniya da Fotugal za a yi mafi yawansa, agogonsu kusan ɗaya da namu. Manyan wasannin za su faɗo ne tsakanin la'asar da bayan isha'i, daidai sa'o'in da turakun sabis na Kano da Kaduna da Maraɗi suka fi cika.